Me yasa abokin tarayya ke yin shiru? Daga audugar Jazira zuwa famfon solarmu

Ƙanena ne ya tsokano maganar nan shekaranjiya bayan isha'i muna zaune a tsakar gida ana jiran jabana, wato gahawa, yace min Yaya wai don Allah me yasa duk tsarin da aka ɗauko na shekara biyar sai ya mutu a ta biyu, kuma ba faɗa akai ba, ba wanda ya zagi wani, kawai sai ka wayi gari guruf ɗin WhatsApp ya koma wajen tura Juma'a Mubaraka da sanarwar rasuwa. Nai dariya, don ni na riƙe littafin irin wannan tarayya tun 2019 kuma naga yadda take zubewa, ba tim take faɗuwa ba, kamar buhun dawa ne da ɓera ya huda ta ƙasa, kana ganinsa a jingine cike fal har ranar da zaka ɗaga ka ji ba nauyi.

Abun da 'yan ƙungiyoyi ke ba manyan sunaye a taron bita, wai tsarin dogon zango na haɗin gwiwa, in ka feɗe shi ba komai bane illa mutane daban daban, kowa da abun da ya riƙe a hannunsa, su yarda yau akan wani abu da ba za a ci moriyarsa ba sai bayan shekaru. Zaman farko kullum daɗi ne da shi, kowa na kawo shawara, a sha shayi a yi fatiha a watse ana murna. Wahalar tana wajen wata na goma sha takwas, lokacin da kuɗi ya fita, gumi ya fita, amma har yanzu ba abun da ya dawo aljihun kowa.

Namu ga yadda yake. Ƙasa ce a bakin Bahrul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, a yankin Sinnar a Sudan, ta wasu dattawa uku ce amma ƙarfinsu ya ƙare kuma kuɗin jaz, wato dizal, na injin ban ruwa ya gagare su. Ga samari a gari ba aiki. Ga 'yan'uwanmu a Jidda da Makka da Riyad masu ɗan riyal da ke son su ajiye wani abu a gida. Sai muka haɗa kai muka tsara, shekarar farko a sa sola da famfo, ta biyu a faɗaɗa gonar, ta uku a gina rumfar ajiye albasa don kar mu riƙa sayarwa da kaka lokacin da take banza, ta huɗu a sayi mota, ta biyar a fara raba riba. Ni na rubuta shi da hannuna kuma a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni iya tsari. Ku lura da inda na ajiye ribar, can ƙarshe, zan dawo kanta.

Baffana ne ya fara ce min wannan abun naku ai Jazira ce ƙarama, mai ruwa da mai kuɗi da mai fartanya, yana nufin babban aikin noman auduga na ban ruwa da ke yankin Jazira. Shi ya girma yana jin labarin a bakin waɗanda sukai cirar auduga a can, don kowa ya san rawar da Hausawa da Fulani suka taka a gonakin Jazira, tun waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar, har waɗanda suka tsaya neman guziri a hanyar hajji sukai zamansu. Da na koma na bi tarihin sai naga wallahi duk ciwon da ya kama mu ya taɓa kama wannan babban aikin, bambancin kawai nasu fadan sama da miliyan biyu ne, fadan ɗaya kusan eka ɗaya kenan, namu kuwa ana iya zagaye shi da ƙafa kafin a kira azahar.

A 1925 aka gama madatsar Sinnar aka fara sakin ruwa zuwa filin da ke tsakanin Nilu biyu. Tarayyar ta ƙafa uku ce. Gwamnati ta gina madatsa da manyan magudanai, kamfanin Turawan Ingila na noman auduga ya riƙe gudanarwa da injin gurza da sayarwa da bada bashin aiki, manomi kuma aka bashi hawasha, wato yankin gonarsa, shi ne da shuka da noma da cira. Kuɗin auduga ake rabawa, da farko manomi kashi 40, gwamnati 35, kamfani 25, daga baya ya koma 40 da 40 da 20. Dawa da waken lubiya kuwa na manomi ne shi kaɗai, ba mai taɓa masa. Tsari ne mai tsauri sosai, ruwa na fitowa daga babbar tur'a, wato magudana, zuwa ƙarama zuwa wadda ake ce wa Abu Ishirin mai shayar da fadan 90, daga ita zuwa Abu Sitta da ke shiga gona, kuma mufattishi, wato sufeton gona, shi ne ke faɗa maka ranar shuka da ranar ban ruwa da ranar tuge karan auduga a ƙona. Kai dai abokin tarayya ne a takarda, amma a gona umarni kake bi.

To a farkon shekarun 1930 farashin auduga ya faɗi a duniya ga cuta ta kama shuka, manoma da yawa suka ci bashi wasu ma suka bar hawashar sukai tafiyarsu. Da abubuwa suka gyaru sai hukuma ta riƙa cire wani abu daga kason manoma tana tarawa a asusun ko-ta-kwana don ranar da irin wannan zai sake faruwa. Tunani ne mai kyau fa, duk mai hankali zai ce haka ya kamata. Amma manomin da ake cire wa bai san nawa aka tara ba, bai san ina yake ba, bai san wa ke da ikon taɓawa ba. A 1946 labari ya fita cewa akwai kusan fam miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a ajiye da sunansu, ai kuwa manoma suka yi rantsuwa ba mai shuka auduga sai an fito musu da kuɗinsu. Dole aka fitar da wani kaso aka raba, kuma daga nan ne aka fara kafa musu majalisar wakilai da za a riƙa zama da ita.

Nan nake son a tsaya a duba da kyau, don mutane na ɗauka amana tana karyewa ne ranar da aka ci kuɗi. Ba haka bane kullum. Kuɗin nan yana nan a ajiye, kuma don amfaninsu aka ajiye shi. Abun da ya tayar da su shi ne an yi musu alheri a bayan idonsu, an ɗauke su yara da ba za su iya riƙe lissafi ba. Ni ma haka nai, Allah ya yafe min. A shekara ta biyu na ware wani abu daga kuɗin albasa na ajiye don ranar da famfo zai lalace ban faɗa wa kowa ba sai ma'aji, a tunanina in na faɗa za a ce a raba. Ranar da ɗaya daga cikin samarin ya ji, bai zo ya tambaye ni ba, gari ya zagaya da shi, kafin magariba an ce sakatare na da asusun ɓoye. Na fito da kuɗin cas ba ko sisi da ya ɓata amma wata uku ana gaisawa da ni sama sama. Tun daga nan duk ranar ɗaya ga wata nake ɗaukar hoton shafin littafi in tura guruf, da abun da ya shigo da abun da ya fita har kuɗin shayin masu gyara, ko mutum ya karanta ko bai karanta ba oho, sanin cewa yana iya dubawa shi ne maganin. Gani ya kori ji.

Abu na biyu da Jazira ta koya min ya fi wannan zurfi, kuma shi ne ainihin amsar tambayar ƙanena. Tsarin da aka yi shekaru ana bi sunansa hisabul mushtarak, lissafin gamayya, ana cire kuɗin aikin auduga daga tukunya ɗaya kafin a raba, wanda ya kula da gonarsa da wanda ya yi sakaci duk an ɗora musu nauyin tare, kuma kuɗin ba ya zuwa da wuri, sai an gurza an kai Port Sudan an sayar an yi lissafi. A 1950 kamfanin Turawa ya tafi hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat kusa da Wad Madani ta karɓa, aka ƙara faɗin aikin zuwa yankin Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950, amma lissafin bai canja ba. To me manomi zai yi? Bai fita daga tsarin ba, ina zai je, hawasharsa ce. Sai dai ya riƙa ba auduga ragowar ƙarfinsa, ya kai ainihin ƙarfin da ruwan wajen dawa da gyaɗa da alkama, waɗanda in ya girbe nasa ne a rumbunsa yau ba sai an yi masa lissafi a ofis ba. Sunansa na nan a rajista, yana zuwa taro, amma zuciyarsa ta koma wata gona. Sai a farkon shekarun 1980 aka koma lissafin kowa da kansa, a cire maka kuɗin ƙasa da ruwa a baka sauran naka.

Haka abokin tarayya ke fita, ba ya rufe ƙofa da ƙarfi, ruwansa yake karkatarwa. Mu samarinmu ne suka fara, kullum suna zuwa gonar tarayya amma sai hantsi, bayan sun gama da ɗan fegin kuɓewarsu na bakin ruwa, kuma ban ga laifinsu ba da na zauna nai tunani, don ni na rubuta cewa riba sai shekara ta biyar, saurayin da ke son aure bana zaka ce masa ya jira 2024? Ga wani zaluncin da ban lura da shi ba, duk riyal ɗin da ya shigo ta Bankak, manhajar banki ta waya, yana da rasit yana da layinsa a littafi da sunan mai shi, amma yaron da ya kwana yana gadin farantan sola ko ya yini cikin laka yana gyaran bututu ba shi da layi ko ɗaya. Gumi ba shi da rasit. Wanda ke Jidda yana buɗe waya yaga jarinsa, wanda ke gona yana buɗe littafi yaga kamar bai taɓa sa komai ba. Da muka gane sai muka fara rubuta kwanakin aiki, kowane yini a kimanta shi da kuɗin ƙodagon ranar a gari, rabi a bashi a hannu rabi ya zama jarinsa. Wata biyu kawai na ga bambanci, wanda ake aikawa a taso shi ya koma shi ke riga kowa.

Maganar riba kuma Innata ce ta warware mana ita ba da niyya ba. Tana cikin wani sanduƙ na matan unguwa, adashe kenan, ya fi shekara goma yana juyawa bai taɓa mutuwa ba, alhali mu masu takarda da biro namu na tangal tangal a shekara biyu. Na tambaye ta sirrin tace ɗana wane sirri, ai duk wata sai wata ta kwasa kowa na gani, kuma kowace ta san watanta. Shikenan. Ba wai matan sun fi mu son juna bane, suna faɗansu su ma, amma tsakanin zubi da gani ba nisa. Sai muka yanki wani ɓangare na gonar muka ce wannan na ganye ne, jarjir da mulukiya da ke zuwa cikin 'yan makonni, duk abun da aka samu a raba a take kar ya shiga asusu. Kuɗin ba wani abun kirki bane, na mutumin Riyad ma ko katin waya bai kai ba, sai aka riƙa kai kasonsa gidan mahaifiyarsa a kwando. Ranar da tsohuwar ta kira shi tace an kawo min ganyen gonarka, wallahi a daren ya turo bashin wata uku da ake binsa. Babban tsarin na nan bai canja ba, rumfar albasa na nan a shekara ta uku, kawai an buɗe masa 'yar taga ce mutum ya riƙa leƙawa.

Akwai wata kuma a tarihin Jazira da ba a cika kawowa ba. Ƙasar da akai aikin a kanta tana da masu ita, gwamnati ta karɓe ta haya na shekara 40 akan ƙirshi 10 kowane fadan a shekara, ƙirshi ɗari ke yin fam ɗaya. Lokacin da aka yanka wannan kuɗin ƙirshi goma kuɗi ne. Shekaru suka shuɗe, darajar kuɗi ta zube, wa'adin ma ya cika, jikokin masu ƙasa suka yi ta kai ƙorafi shekara da shekaru. Yarjejeniyar da ta yi adalci ranar da aka sa hannu tana iya zama cuta ba tare da kowa ya canja ko harafi ɗaya ba, zamani ne ke canja ta. Mu a Sudan ba sai an yi mana dogon bayani ba, a Fabrairun 2021 rana ɗaya farashin dala na hukuma ya tashi daga fam 55 zuwa 375, kasuwar bayan fage kuwa dama ta riga ta yi gaba. Wanda ya zuba fam dubu ɗari a 2019 da wanda ya zuba dubu ɗari a 2022 a littafina daidai suke, a gaskiya kuwa na farko ya sayi faranti da yawa na biyu ko ɗaya bai saya ba. Wannan ya kusa raba mu fiye da komai, har Kawu yace shi a cire masa nasa ya haƙura. Abun da muka yi shi ne muka daina lissafi da fam kwata kwata, muka maida jari zuwa faranti, duk abun da ka zuba a duba farantin sola nawa zai saya a ranar a rubuta maka haka, kana da faranti biyu da rabi, wane yana da huɗu. Muka kuma yarda duk bayan girbin albasa za a buɗe yarjejeniyar gaba ɗaya a karanta a tambayi kowa ko akwai inda take matse shi, tun kafin ya fara gunaguni a shago.

Yanzu bari in zo kan 'yan Saudiyya don su aka fi zargi, ana cewa sun samu wuri sun manta gida. Mutumin da ke gida yana lissafa riyal da fam sai yaga kamar ɗan'uwansa a kan tudun kuɗi yake kwana. Bai san tun Yulin 2017 aka sa kuɗin 'yan rakiya ba, riyal 100 a wata kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashin iƙamarka, wato takardar zamanka, yana hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020, mai mata da 'ya'ya huɗu kenan riyal 2000 duk wata kafin ya sayi ko burodi. Harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a wannan shekarar, ga korona ta tsayar da umara da duk wata sana'ar da ke rataye da ita. Sannan daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe tsoffin unguwannin Jidda irin su Sabil da Kandara da Gulail da Karantina inda mutanenmu da yawa ke haya mai sauƙi, kowa ya bazama neman gida da tsada. To Bahaushe fa ba zai shigo guruf mai mutum ashirin, da ƙannensa da surukansa a ciki, ya ce jama'a na karye ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Zai ce insha Allah ƙarshen wata, ƙarshen wata ya zo ya ce ana nan ana ƙoƙari, daga nan sai ya daina buɗe saƙo don duk buɗewa tuna masa bashi take, kuma mu da wautarmu muka riƙa tura jerin sunayen waɗanda ba su biya ba a fili wai don su ji kunya su biya, ashe korarsu muke. Shiru ma magana ce, mu ne ba mu iya ji ba.

Mun rasa mutum uku a haka kafin mu farga. Abun da muka kafa daga baya muna kiransa hutu, mutum ya kira ma'aji shi kaɗai ya ce ina son hutu, ba tambayar dalili, farantinsa na nan yadda yake ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, bakinsa na nan a shawara, ranar da ya samu sarari ya ci gaba. Jerin masu bashi kuma ya bar guruf. Wasu sun ce wannan zai sa kowa ya kwanta, ban ga haka ba, wanda aka rufa wa asiri shi ya fi saurin dawowa.

Sai maganar wa ke yanke hukunci, wadda ita ma ta ci mana tuwo a ƙwarya. Mai riyal yana ganin tunda kuɗinsa ne sai ya turo saƙon murya na minti tara daga Makka yana bayanin a cire albasa a sa ayaba don ya ji ana samun kuɗi da ita wajen garin Sinja, alhali bai san irin ruwan da ayaba ke sha ba kuma famfonmu na rana ne, rana ta faɗi ya tsaya. Mufattishi kenan ya dawo ta waya. Su kuma na gona sai su ce to Alhaji an ji, su je su yi abun da suka ga dama, shi ma yana ji daga baya yace an raina shi. Muka raba abun gida biyu, duk abun da ya shafi me za a shuka da yaushe na masu taka ƙasar ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, duk kashe kuɗin da ya wuce farashin faranti ɗaya kuma sai an ji ta bakin kowa ko yana ina. Saƙon murya aka ce kar ya wuce minti biyu, wannan dokar dai har yau Kawu bai san da ita ba.

Amma kar wani ya ɗauka maganin tsauri shi ne a saki kowa ya yi yadda yake so, Jazira ta gwada wannan ma. Dokar 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abun da ya ga dama ta kuma miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A kunne daɗi ne da ita. Sai dai magudanan an gina su ne akan kowa a layi ɗaya yana shuka abu ɗaya lokaci ɗaya, da kowa ya kama gabansa sai wannan na son ruwa yau wancan jibi, ga laka da Shuɗin Nilu ke kwasowa daga tsaunukan Habasha duk damina tana cika tur'a, ga ciyawa, wanda ke bakin magudana ya sha ya ƙoshi na ƙarshen layi ya kalli shukarsa tana ƙonewa. Yasar laka aiki ne da ba a yi wa tafi, ba wanda ke ɗaukar hotonsa, amma in ba a ɗora shi a wuyan wani takamaimai an biya shi ba to ba mai yi. Kowace tarayya na da irin wannan lakar. Tamu ita ce wanke ƙurar faranti da rubuta littafi da kiran wanda aka kwana biyu ba a ji shi ba a tambaye shi ya iyali, ba ya kuɗi ba. Shekara uku ina yinsu kyauta ina cika ina batsewa a ciki har na kusa zama na huɗun da ya yi shiru, sai da Baffa ya lura yace a rubuta min kwanakina kamar na kowa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya zo ya tarar da mu muna shirin rumfar albasa. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban wannan shekarar muka kwance farantan muka ɓoye, mutane suka watse, wasu Gadarif wasu Kasala, a Fabrairun 2024 layin waya ya ɗauke gaba ɗaya ba kira ba Bankak, littafin ma a cikin gudun hijira ya ɓata ban san inda na yar da shi ba. Tsarin shekara biyar ɗin da nake alfahari da shi ko shafi ɗaya bai rage ba. Abun da ya rage shi ne hotunan nan da nake turawa duk ɗaya ga wata, suna nan a wayoyin 'yan Jidda da Riyad shafi bayan shafi, su ne suka tattara suka turo min da layi ya dawo na sake kwafe su a sabon littafi. Kuɗin da muka ajiye na gyaran famfo kuwa shawara akai a fili aka ce a raba wa gidajen da suka fi shiga wahala, ba wanda ya ce uffan, har waɗanda ke hutu sun sa baki.

Yanzu an maida farantan, biyu sun tsage a ɓoyon, mota kuwa mun cire ta daga lissafi sai wani jiƙon. Tsarin da muke kai na shekara uku ne kuma da fensir na rubuta shi. Makon jiya ɗaya daga cikin ukun nan da suka yi shiru tun 2022 ya kira Baffa, ba ni ba, bayan doguwar gaisuwa da jajen abun da ya faru yace Baffa wai har yanzu akwai sunana a littafin nan kuwa? Baffa ya rufe wayar da tafin hannu ya kalle ni yace kai ɗauko littafin ka karanta masa shafinsa. Faranti ɗaya da kwata ne, na karanta masa har da ranar da ya turo. Yace to a gaida mutan gida, zai kira ma'aji bayan sallah.